Ogan ɗin Foort: Tan 30 a Kan Hanya

A ƙarshen shekarar 1938 mutanen Ingila suka fara ganin wasu manyan motoci huɗu suna bin hanya a jere, wannan makon suna wannan gari, mako mai zuwa suna wancan. Su huɗun kaya ɗaya tak suka ɗauko, kuma kayan kiɗa ne: ogan mai bututai, an kwance shi gunduwa-gunduwa an ɗaure. Akwai bututai sama da 2,000, da injin hura iska, da ganguna, da ƙararrawa, da wani ƙaton tebur mai maɓallai hawa biyar. In aka haɗa duka, nauyin ya kai tan 30. Duk garin da aka yada zango, ma'aikata wajen 15 ne za su sauke shi, su harhaɗa a kan dandamalin gidan wasa, su daidaita muryar bututan, a sha kiɗa na mako guda, sannan su sake kwancewa su ɗora a mota. Mai kayan, Reginald Foort, ya ajiye aikinsa na BBC ne musamman don wannan yawo, alhali a lokacin babu makaɗin da ya kai shi suna a rediyon Birtaniya.

Yawon da Foort ya shirya bai yi nisa ba yaƙi ya tare shi. Amma shi ogan ɗin bai daina tafiya ba sai bayan shekara 40 da 'yan kai. Ya ƙetare Tekun Atlantika sau biyu, ya bi ta hannun iyayen gida biyar kafin na shida ya riƙe shi, kuma kowannensu da dalilinsa.

Wanda ya saba da fiyanon da ake kaɗa waƙoƙin fim da shi a situdiyoyin Kano, wanda yaro ɗaya zai saɓa a kafaɗa, sai ya ajiye wannan a gefe tukuna. Shi ogan mai bututai iska ce ke magana a cikinsa. Kowane bututu murya ɗaya gare shi, ba ya hawa ba ya sauka. Saboda haka in ana son muryar sarewa tun daga mai kauri har zuwa siririya, sai an jera bututai 61 ko fiye, daga dogo zuwa gajere, wannan shi ne sahu guda. Muryar kakaki sahunta daban, ta goge ma sahunta daban. Na Foort sahu 27 gare shi. Manyan bututan sukan kai ƙafa 16, ƙananan ba su wuce tsawon fensir ba. Wasu na katako ne, wasu na tutiya, wasu kuma gamin kuza da dalma. Dukkansu a tsaye suke bisa akwatunan da injin ke ɗura wa iska. Makaɗi na danna maɓalli, lantarki zai bi waya ya ja wani ɗan maganaɗisu, wata 'yar jakar fata ta lotsa ta buɗe ƙofa, iska ta kutsa cikin bututu, murya ta fito, duk kafin ƙiftawar ido. Ƙafafu ma ba su da hutu, domin a ƙasa akwai dogayen maɓallan katako da ake takawa don muryoyi masu kauri.

Wannan dabara ta haɗa tebur da bututai ta hanyar waya, wanda ya fi kowa ɗaukaka ta shi ne Robert Hope-Jones, mutumin Ingila, wanda injiniyan wayar tarho ne kafin ya koma ƙera ogan. A majami'ar St John da ke Birkenhead ya fara gwajinsa, har ta kai ya fitar da teburin waje cikin harabar majami'ar, yana dannawa bututan na amsawa daga ciki. A 1903 ya ƙaura Amurka. Gwani ne a ƙira, amma kasuwanci bai karɓe shi ba, kuma a 1910 kamfanin Wurlitzer ya saye harkarsa ya ɗauke shi aiki a masana'antarsa ta North Tonawanda a jihar New York. Zaman bai yi daɗi ba, kuma a 1914 Hope-Jones ya kashe kansa. Bai ga ganiyar abin da ya shuka ba, domin daga wannan masana'anta ogan sama da 2,200 suka fito.

Abin da ya buɗe wa ogan kasuwa shi ne fim na wancan zamani ba ya magana. Mutane na motsa baki a allo, ba a jin komai sai ƙarar injin haska fim. Babban gidan silima yakan ɗauki tawagar makaɗa ta zauna gaban allo, amma biyan mutum 20 ko 30 kullum, safe da yamma, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ogan kuwa mutum ɗaya ya ishe shi. Aka riƙa gina masa ɗakuna a ɓoye, dama da hagun allo, a toshe su da tagogi masu fikafikan katako. In makaɗi ya taka feda fikafikan suka buɗe, sai sauti ya cika zaure, in ya rufe sai ya koma kamar daga nesa. A cikin ɗakunan har da ganguna na gaske da kuge da ƙararrawa, kowanne da ɗan sandan da iska ke bugawa. Jirgin ƙasa ya taho a allo, makaɗi ya taka wani maɓalli usur ya tashi. Doki ya yi sukuwa, a ji kofato. Aka nuna lambu da asuba, sai wani ɗan bututu da aka tsoma bakinsa cikin ruwa ko mai ya yi kukan tsuntsu. Har hon ɗin mota da ƙararrawar ƙofa da rugugin teku duk an tanada. A Amurka kaɗai an girka irin wannan ogan kimanin 7,000 a gidajen silima.

A watan Oktoban 1927 aka fito da fim ɗin The Jazz Singer, wanda aka ji muryar ɗan wasa a ciki. Shekara biyu bayan haka tattalin arzikin duniya ya karye. Kafin a ankara masu gidajen silima a Amurka sun sallami makaɗansu, sun ja tampol sun rufe teburan.

Wannan shi ya sa Kano ba ta san zamanin ogan ɗin silima ba. Lokacin da Kwarori 'yan Labanan suka buɗe Rex a 1937, gidan silima na farko a Kano, fim ya shekara goma da fara magana. Ga shi kuma Rex fili ne marar rufi, kuma kayan da ya dogara da siririyar fata da busasshen katako ba zai kai labari ba tsakanin ƙurar hunturu da ruwan Agusta. Mutumin Dugabau ko Kabo da ya biyo hanyar Gwarzo ya shigo ta Kabuga don kallon fim a shekarun baya, waƙar Indiya ce ta tarye shi daga lasifika, an riga an naɗe ta a jikin fim ɗin tun daga Bombay. A karkara kuwa motar majigi ce ke zagaya gundumomi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba. Yawancin finafinan majigi na farko su ma ba sa magana, kuma abin da ya cike gurbin shi ne mai sharhi, wanda ke tsaye da lasifika yana bayyana wa jama'a abin da ke gudana da Hausa, yana sa musu dariya inda ya ga dama. Aikin da makaɗin ogan ya yi a New York da yatsunsa, a ƙasar Kano da baki aka yi shi.

Ingila ta sha bamban da Amurka. Can ogan bai mutu da zuwan fim mai magana ba, sana'a ya sauya. Tsakanin fim na farko da na biyu sai a rage fitilu, tebur ya taso daga ƙarƙashin dandamali a kan lif, makaɗi na zaune a kai cikin baƙar kwat, ya yi minti 10 ko 15 yana kaɗa waƙoƙin da ake yayi, jama'a na amshi. Kamfanonin gida irin su Compton da Christie suka ci kasuwa har ƙarshen shekarun 1930. Rediyo kuma ya ɗauki wannan kiɗa ya shigar da shi ɗakunan mutane.

A nan Foort ya shigo. An haife shi a garin Daventry a 1893, ya yi karatun kiɗa mai zurfi, har ya samu babbar shaidar ƙungiyar makaɗan ogan ta Ingila yana ɗan shekara 17. Ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya dawo sai ya shiga kiɗan silima, abin da malaman kiɗan majami'a ke yi wa kallon raini, ya yi suna a gidan New Gallery da ke titin Regent a Landan. A 1936 BBC ta sa kamfanin Compton ya ƙera mata ogan nata na kanta, mai maɓallai hawa huɗu, aka girka a zauren St George's Hall kusa da hedikwatarta, aka naɗa Foort makaɗin gidan na farko. A 1937, shekarar da Rex ya buɗe ƙofa a Kano, masu sauraro suka zaɓe shi gwarzon masu nishaɗantarwa a rediyon Birtaniya.

Mutum mai irin wannan farin jini, kuɗinsa yana wajen masu sayen tikiti, kuma Foort ya san haka. Matsalar ita ce yawancin gidajen wasan da ke son gayyatarsa ba su da ogan, waɗanda ke da shi kuma wani ƙarami ne, wani ya lalace. Sai ya yanke shawarar ya riƙa zuwa da nasa. Ya zana abin da yake so, ya ba kamfanin M. P. Möller na garin Hagerstown a jihar Maryland ta Amurka kwangila. Wanda ya kafa kamfanin, Mathias Peter Möller, baƙo ne daga Denmak, kuma masana'antarsa na cikin mafi girma a duniya a wannan sana'a. Kowane ogan da suka ƙera sukan ba shi lamba, na Foort shi ne na 6690. Bambancinsa da saura shi ne tun daga zane an yi shi ne don a kwance a sake ɗaurawa: kashi-kashi yake, kowane kashi da abin da ke riƙe da shi, wayoyi da hanyoyin iska kuma ana cirewa a mayar. Duk da haka aikin ba wasa ba ne, domin bututu yana sauya murya da zafi ko sanyin ɗaki, ga kuma girgizar hanya, don haka kowane zango sai an bi sahu-sahu an sake daidaitawa kafin a buɗe wa 'yan kallo ƙofa.

Bai cika shekara yana wannan yawo ba yaƙi ya ɓarke a watan Satumban 1939. Gwamnati ta rufe gidajen wasa da na silima na ɗan lokaci, ta sa man fetur a ma'auni. Ciyar da manyan motoci huɗu mai kowane mako ya zama jidali, samarin da ke ɗaukar kayan kuma ana ta kiransu soja.

A can BBC kuwa, kujerar da Foort ya bari wani ɗan Kanada ne ya hau, Sandy MacPherson. A makonnin farko na yaƙin an soke yawancin shirye-shirye, an kwashe ma'aikata zuwa wajen Landan, sai ya zamana in ba labarai ko sanarwar gwamnati ba, to MacPherson ne a kan ogan, wata rana har awa 12. Masu sauraro suka gaji, suka yi ta aiko da wasiƙun ƙorafi. Daga baya dai ya zama ɗan gaban goshinsu, saboda shirye-shiryen zaɓi-sonka da ya riƙa yi, inda iyali ke neman a kaɗa wa ɗansu da ke fagen daga waƙa, shi ma sojan ya aiko da tasa gaisuwar. A watan Satumban 1940 bom ɗin jiragen Jamus ya faɗa wa St George's Hall, ogan ɗin Compton ya hallaka yana da shekara huɗu kacal. BBC ta wayi gari da makaɗi ba abin kaɗawa, Foort kuma ga abin kaɗawa ba halin yawo. Ya ba su aro. A 1941 aka kai shi arewacin Wales, nesa da bama-bamai, aka girka a gidan wasa na Grand da ke Llandudno, kusa da Bangor inda sashen nishaɗi na BBC ya yi gudun hijira. Daga nan ya yi ta watsa kiɗa har yaƙi ya ƙare.

Akwai ɗan Najeriya a wannan fage, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, ya je Landan a 1934, ya zama ɗaya daga cikin makaɗan ogan da ake ji a BBC. Lokacin yaƙi shi ne mai kula da kiɗa a sashen finafinai na ƙasashen rainon Ingila, wato ofishin da aka kafa a 1939 don shirya finafinan da ake aiko wa majigi. Bayan yaƙi ya riƙe ogan ɗin majami'ar Kingsway Hall a Landan, sannan a 1953 ya dawo gida ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Najeriya. Ta hannun irinsu ne duniyar ogan ta Landan ta ɗan taɓa farin ƙyallen da ake kafawa a ƙauyukan Arewa.

A 1946 aro ya zama ciniki. BBC ta saye ogan ɗin, ta dawo da shi Landan, ta girka a wata tsohuwar majami'a mai suna Jubilee Chapel a unguwar Hoxton. Nan ya yi zamansa mafi tsawo a Ingila, shekara 17, makaɗa iri-iri suna hawa suna sauka. Ranar 13 ga Maris 1957, da Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe Sashen Hausa na BBC, wannan ogan na cikin kadarorin gidan, yana aiki a ɗaya gefen birnin. Shi kuwa Foort ya riga ya tattara ya koma Amurka tun 1951, ya zauna a Chicago, yana naɗar faifai yana koyarwa.

Sai zamani ya sake juyawa. Talabijin ta janye masu sauraron dare, matasa suka koma kiɗan gita, ga kuma ogan na lantarki irin na Hammond, wanda ya fito tun 1935, mutum biyu ko uku za su ɗaga shi, ba ya buƙatar ɗaki ko mai daidaita bututu. A 1963 BBC ta sayar da na Foort ga haɗaɗɗiyar hukumar rediyon Holan, aka girka shi a wata majami'a a Hilversum, garin da gidajen rediyon ƙasar suke. Saboda makaɗinsu Cor Steyn aka saye shi. Steyn ya rasu a 1965. Daga nan ogan ɗin ya koma zaman jiran tsammani, ana taɓa shi jefi-jefi.

A daidai wannan gaɓa ce yawancin ire-irensa suka gamu da ajalinsu, kuma yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Da farko a daina kaɗawa. Rufi ya fara yoyo a kan ɗakin bututai ba wanda ya leƙa, ɓera ya ci fata, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya zo ya fasa bango ya ratsa da bututunsa ta tsakiyar sahu. Ranar da aka sayar da ginin ga mai son yin kanti ko wurin ajiye motoci, sai a ba da 'yan kwanaki a kwashe abin da za a kwashe. Ogan ɗin da aka gina cikin bango cire shi aikin makonni ne, kuma sai masana. In ba a samu mai ɗauka ba, 'yan gwangwan su auna kuza da dalma da wayar tagulla a kan sikeli, katakon kuma a cinna masa wuta. In an samu mai saye ma, ba lalle ya tsira a dunƙule ba. Duk wanda ya san yadda ake yi da tsohuwar mota a kasuwar Ƙofar Ruwa ya san lissafin: a farke ta a sayar da inji daban, giya daban, ƙofofi daban, ya fi kawo kuɗi a kan a sayar da ita a tsaye. Akwai sahun bututan da ba a ƙera da yawa ba, kamar masu muryar kakaki da aka yi da farin tagulla, waɗanda masu tarawa ke rububinsu. Sai a zare waɗannan a sayar wa mutum ɗaya, tebur ya tafi wani gari, ganguna da ƙararrawa su tafi wani, ragowar ta ruɓe a sito. Cikin dubban da aka girka a Amurka, 'yan gommai ne suka rage a gidajen da aka fara sa su.

Masu ƙaunar abin sun yi iya ƙoƙarinsu. An kafa ƙungiyar ceton ogan ɗin silima a Birtaniya a 1952, ta Amurka kuma a 1955. Wurlitzer na farko da ya shiga Ingila, wanda aka girka a wani gidan silima a Walsall a 1925, ya ƙare a wata majami'a a ƙauyen Beer na gaɓar tekun Devon. Na gidan Fox da ke San Francisco, wanda aka rushe a 1963, wani ɗan majalisar jihar Kalifoniya mai suna Frank Lanterman ne ya saye ya girka a gidansa, kuma tun 1999 yana gidan silima na El Capitan a Hollywood, hannun kamfanin Disney.

Ita kanta BBC ta mallaki ogan na uku, kuma labarinsa shi ne ainihin misalin watsewa. Wurlitzer ne da aka fara girkawa a zauren rawa na Tower a Blackpool a 1929. A 1935 aka ƙara masa sahu aka mayar da shi zauren Empress na garin, aka kawo wa Tower sabo, wanda Reginald Dixon ya yi ta kaɗawa har 1970. A ƙarshen shekarun 1960 BBC ta ɗauke na Empress ta kai situdiyonta na Playhouse a Manchester. Da ta bar ginin a 1986, sai ogan ɗin ya tafi kudu, aka zuba bututansa cikin wani Wurlitzer da ke babban zauren garin Worthing don a ƙara masa girma. Muryoyinsa na nan ana ji, amma shi a matsayin kaya guda mai sunansa ya ƙare.

Gidajen silima na Kano ma ba su tsira daga juyin zamani ba, ko da yake tasu hanyar daban ce. El Duniya gobara ce ta cinye shi ranar 13 ga Mayun 1951, mutum 331 suka rasu. Palace, wanda aka buɗe cikin birni a Jakara a 1952 ana ta ce-ce-ku-ce, daga baya asibiti aka mayar da shi. Sauran kuma bidiyo ya shiga gidaje ya janye musu 'yan kallo, akasarinsu suka koma wata harkar.

Me ya hana na Foort bin sahun 'yan uwansa? Suna ya taimaka, babu shakka, domin kayan da miliyoyin mutane suka ji a rediyo lokacin yaƙi ba a rasa mai tunawa da shi. Amma babban dalili, in aka duba da kyau, yana cikin ƙirarsa. Duk wanda ya gaji da shi yana iya kwance shi cikin 'yan kwanaki ya miƙa wa na gaba cikakke, ba sai an fasa bango ba. Dabarar da Foort ya biya kuɗi a kanta don yawon da bai yi nisa ba, ita ta yi ta fitar da ogan ɗin daga gine-ginen da suka daina buƙatarsa.

Mai saye na gaba daga inda ba a zata ba ya ɓullo. A farkon shekarun 1960 wani gidan sayar da fiza a garin Hayward na Kalifoniya ya girka tsohon Wurlitzer don jawo masu ciniki, abin ya karɓu, sai yayi ya bazu a Amurka. Fiza dai burodi ne mai faɗi da ake gasawa da cuku da tumatir, abincin iyali mai araha. Aka riƙa jera bututan a bayan gilashi don yara su gani, ganguna a rataye a bango suna kaɗa kansu, makaɗi na karɓar zaɓin waƙa a 'yan takardu. Masu ra'ayin riƙau sun ga abin a matsayin ƙasƙanci, amma gaskiya gidajen fiza sun ceci ogan da yawa, ko da yake su ma sun taya farke wasu don ƙara wa nasu girma. Wanda ya fi shahara cikin waɗanda suka rage, Organ Stop Pizza na garin Mesa a Arizona, tushensa ogan ɗin gidan silima na Denver ne na 1927, amma yau bututansa sun kai wajen 6,000, an tsinto su daga ogan daban-daban da suka watse.

A farkon shekarun 1970 wani attajirin San Diego, Preston Fleet, wanda ya yi kuɗi da harkar wanke hotuna ta Fotomat, ya sayi ogan ɗin Foort daga Holan. Ya fara aika shi Hagerstown, masana'antar da ta haife shi, aka yi masa gyara na gaske, sannan a 1975 aka girka shi a gidan fiza na Organ Power da ke unguwar Pacific Beach. An ƙara masa sahu guda, ya zama 28. Foort, yana da shekara 80 da 'yan kai, ya zo ya sake zama gaban maɓallan da ya zana da hannunsa, bayan rabuwar fiye da shekara 30.

Gidan fizar bai daɗe ba. Da ogan ɗin ya sake shiga kasuwa, aka yi sa'a ya faɗa hannun J. B. Nethercutt, attajirin kamfanin kayan kwalliya na Merle Norman, mutumin da ya shahara da tara tsofaffin motoci da kayan kiɗa. Shi bai ajiye a gidansa ba, kyauta ya ba birnin Pasadena, aka girka a babban zauren taron birnin, wanda aka buɗe tun 1932, mai cin mutum wajen 3,000. An yi bikin buɗe ogan ɗin a watan Afrilun 1980, Foort na cikin zauren. Ya rasu a Pasadena ranar 22 ga Mayu na wannan shekarar, yana da shekara 87. Masu sha'awar kiɗan zamani sun san dandamalin ko da ba su san ogan ɗin ba, domin a kansa ne Michael Jackson ya yi rawar nan tasa ta zamewa da baya a 1983.

Kamfanin Möller ya rufe masana'antarsa ta Hagerstown a 1992, bayan ya ƙera ogan sama da 11,000, don haka kula da mai lamba 6690 ya koma hannun ƙananan masu gyara da 'yan ƙungiyar sa-kai. BBC kuwa ba ta sake sayen ogan ɗin silima ba bayan na Manchester. Shirinta na mako-mako na kiɗan ogan, The Organist Entertains, wanda aka fara a 1969, ta rufe shi a 2018.